Idan manhajar bashi ta fara aika wa 'yan'uwanka saƙo, kada ka goge komai

Wanda ya ci bashin naira dubu goma sha biyar ta waya yakan ɗauka maganar tsakaninsa da wayarsa ce kawai. Sai ranar biya ta wuce da kwana biyu, saƙo ya sauka a wayar surukinsa, da ta limamin unguwarsu, da ta maigidansa na kasuwa, ga hotonsa, a ƙasa an rubuta ɓarawo ko ɗan damfara. Tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni ba sai ka yi dogon bincike ba za ka samu wanda irin wannan saƙo ya taɓa shigo wa a kan wani da ya sani.

Abin da kunya ke fara sa mutum shi ne ya goge manhajar, ya goge saƙonnin, wani ma ya karya layin ya jefa kwata. Kada ka yi haka. Waɗannan saƙonni su ne hujjarka, kuma duk inda za ka kai kuka, su za a fara tambaya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ka ci sai ka biya. Amma cin bashi bai ba wa kowa izinin kwashe lambobin da ke wayarka ya riƙa tozarta ka a wurinsu ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ƙara da cewa kana iya janye amincewar da ka bayar, ka nemi a faɗa maka bayananka da ake riƙe da su, ka nemi a goge. Masu manhajar za su ce ai kai ka danna ka yarda. To surukinka fa? Shi bai danna komai ba, lambarsa kuma tasa ce. Shi ma yana da ƙorafin kansa, kuma nasa ya ma fi naka sauƙin tabbatarwa.

Ka fara da ɗaukar hoton kowane saƙo ta yadda lambar da ta aiko da kwanan wata za su fito. Ka roƙi mutum uku ko huɗu cikin waɗanda aka aika wa su turo maka nasu, su kuma bar asalin a wayoyinsu. Na san wannan ne mataki mafi nauyi, domin sai ka buɗe baki ka gaya wa babban mutum cewa e, bashi ka ci. Ka daure; ya riga ya sani. Ka ɗauki hoton shafin da ke nuna nawa aka ba ka, nawa ake nema, da sharuɗɗan. Sannan ka duba saƙon banki na ranar da kuɗin ya shigo, da lambar asusun da suka ce ka biya a ciki. Wannan ya fi sunan manhajar muhimmanci, domin sunan manhaja yau ne gobe an canja, asusun banki kuwa da sunan wani kamfani ko wani mutum aka buɗe shi.

Sai bayan ka gama wannan ka shiga saitin wayar, ka nemo manhajar, ka rufe mata izinin ganin lambobi da hotuna da saƙonni. Abin da ta riga ta kwasa ya tafi, amma ka tare na gaba. Tun ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, don haka duk wadda aka turo maka ta WhatsApp aka ce ka sauke kai tsaye, ka yi mata kallon tuhuma.

Wayar ma kada ka rabu da ita tukuna. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da aka ciro hujja daga cikinta, kuma lauya zai so ganin wayar. Idan ka kai ta kasuwar waya ta Farm Centre ka yi musanya, ka sayar da rabin shari'arka. In gyara ya kama dole, ka cire layi da katin memori, ka tsaya a kan mai gyaran. Canjin gilashi ba ya buƙatar lambar buɗe waya.

Daga nan sai rubutu. Ka rubuta wa kamfanin gajeren saƙo ta imel: ka janye amincewarka, su daina tuntuɓar mutanenka, su goge lambobin da suka kwasa. Ba lallai su amsa ba, kuma shirunsu ma hujja ce. Sai ka kai ƙorafi wurare biyu. Na farko Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, wadda doka ta ba ikon bincike da cin tara: babban kamfani har naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Na biyu hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda ke yi wa masu ba da bashi ta intanet rajista, tana kuma fitar da sunayen waɗanda ta amince da su. Shafi ɗaya ya isa: sunanka, sunan manhajar, asusun, ranakun, abin da aka rubuta, da abin da kake so a yi. Ka ajiye kwafi, ka rubuta ranar da ka aika.

Ba zan ce maka gobe za ka ji amsa ba. Tarar naira miliyan 10 da hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending a Agustan 2021, kan aika wa mutanen masu bashi irin waɗannan saƙonni, ta biyo bayan ƙorafe-ƙorafe ne, ciki har da wanda wani ofishin lauyoyi ya shigar a madadin mutum ɗaya tun Nuwamban 2019. Kusan shekara biyu. Amma ba don wani ya zauna ya rubuta ba, da ko wannan ba a samu ba. Shi ya sa nake ganin mutum ashirin daga unguwa ɗaya su haɗa takarda a kan manhaja ɗaya ya fi kowa ya yi ta Allah ya isa a ɗakinsa. Ƙungiyoyi irin su CITAD a nan Kano da Paradigm Initiative sun daɗe a wannan fage, kuma da irin waɗannan takardu suke zuwa gaban hukumomi da 'yan majalisa. Paradigm Initiative ce ta fallasa a 2024 cewa ana sayar da bayanan NIN na mutane a intanet kan naira 100.

Akwai kuma kotu. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta yarda wanda aka cutar ya nemi diyya, sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki kuma ya buɗe ƙofar babbar kotu ga wanda aka tauye wa haƙƙi. Babbar Kotun Tarayya tana nan kan titin Court Road a Gyadi-Gyadi. Wasunmu kullum ta gabanta suke wucewa a adaidaita. Wace kotu ta dace da ƙararka, wannan aikin lauya ne. Idan aljihu babu, ka fara da ofishin Legal Aid ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa.

Kada ka rama da zagi a Facebook ko TikTok. An yi wa sashe na 24 na dokar laifukan intanet gyara a 2024, amma ɓata suna har yanzu laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa a kotunan Kano, sai mai ƙara ya wayi gari shi ake ƙara. Kada kuma ka ci sabon bashi a wata manhajar don toshe wannan.

Kai kuma da saƙon ya shigo wa a kan ƙaninka ko maƙwabcinka, kada ka tura shi zauren dangi. Ka ɗauki hotonsa, ka kira mutumin a keɓe, ka ba shi, ka ce a shirye kake ka sa hannu a takardar ƙorafin.