Darasi na 14: Kula da Kare a Lokacin Hunturu da Bazara

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Shamaki ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gombe. Kamar sauran unguwannin garin, akwai gidajen da ke ajiye kare domin gadi ko farauta. Karen da ke sake yakan nemi inuwa da ruwa da kansa. Wanda aka ɗaure kuwa ba shi da zaɓi. Inda ka ajiye shi, nan zai wuni, nan zai kwana. Saboda haka haƙƙinsa yana wuyanka.

Lokacin Hunturu

A watannin Disamba da Janairu, iskar hunturu takan buso daga hamadar Sahara da sanyi da ƙura. Karnukan ƙasarmu gashinsu gajere ne, don haka ɗari yakan shige su, musamman da asuba. Kwikwiyo da tsohon kare su suka fi wahala. Idan ka ga karenka yana rawar ɗari, ko yana kwanciya cikin tokar murhu, to ɗumi yake nema, kuma garwashi na iya ƙona shi. Yi masa makwanci a lungun da iska ba ta shiga, ka shimfiɗa masa buhu ko busasshiyar ciyawa. Ƙara masa abinci kaɗan. Kada ka yi masa wanka da safe. Bari sai rana ta yi tsaka.

Lokacin Bazara

Bazara ta fi hunturu haɗari. A watannin Maris da Afrilu zafi a Gombe yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos. Mutum yana yin gumi, jikinsa ya huce. Kare kuwa ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai. Shi ya sa yake zaro harshe yana haki. Zafin jikin lafiyayyen kare tsakanin digiri 38 ne zuwa 39. Idan ya haura 41, yana iya mutuwa.

Ka tuna cewa inuwa tana tafiya. Gindin katangar da ke da inuwa da hantsi, rana ce tsagwaronta da azahar. Duba wurin da ka ɗaure shi sau biyu ko uku a wuni. Inuwar bishiya ta fi ta rumfar kwano sanyi. Zuba masa ruwa mai tsabta a kasko, domin kwanon ƙarfe saurin ɗaukar zafi gare shi. Kada ka bar shi a rufaffiyar mota. Kafin ku fita, taɓa kwalta da bayan hannunka. In ta ƙona ka, za ta ƙona ƙafarsa.

Idan zafi ya buge kare, za ka ga yana haki ba ƙaƙƙautawa, yana dalalar da yawu, yana tangaɗi. Maza ka kai shi inuwa, ka zuba masa ruwan sanyi a ciki da ƙafafu, sannan a garzaya da shi wurin likitan dabbobi. Amma kada ka kusanci baƙon kare mai dalalar da yawu, domin mahaukacin kare ma haka yake yi. Sanar da manya.

Ya zo a hadisi cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Tausayin dabba ba ya bukatar dukiya. Kasko da buhu da inuwa sun isa, kuma rigakafi ya fi magani.

Sababbin Kalmomi

haki: numfashi da sauri saboda zafi ko gajiya
kwikwiyo: ɗan kare
kasko: mazubi na yumɓu mai faɗin baki
tangaɗi: tafiya kamar za a faɗi

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗaurarren kare ya fi bukatar kulawa?
2. Daga ina iskar hunturu take busowa?
3. Ta yaya kare yake rage zafin jikinsa?
4. Mece ce ma'anar "inuwa tana tafiya"?
5. Kawo alamomi uku na bugun zafi.

Nahawu

Ana yin hani da kalmar "kada". Misali: Zuba ruwa. Kada ka zuba ruwa. Mayar da waɗannan jimloli zuwa hani:

1. Ɗaure kare a rana.
2. Taɓa baƙon kare.

Aikin Gida

Rubuta jimloli biyar kan yadda ake kula da wata dabba a garinku lokacin zafi.