Lasifikar Tantani Ta Hannu: Girka Ta A Silimar Gida Da Kula Da Ita

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wannan karin magana ya dace da wanda ya sayi lasifikar tantani ta hannu, watau wadda wani ya riga ya mora, domin ya haɗa ta da silimar gidansa. Irin wannan lasifika ta yi suna wajen fitar da murya tangaram, amma sabuwarta tana da tsada ƙwarai, shi ya sa mutane da yawa suke komawa ga ta hannu. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa abin da ya ba ta daɗin sauti, watau rashin nauyin tantaninta, shi ne kuma rauninta. Duk ƙa'idojin saye da girkawa da kulawa daga nan suka samo asali. Za mu fara da yadda take aiki, sa'an nan mu dubi abin da ya kamata mai saye ya bincika, da yadda ake girka ta, da yadda ake tsawaita kwananta.

2.0 Yadda Take Aiki

Lasifikar da muka saba gani a rediyo da masallatai da motoci tana aiki ne da maganaɗisu da naɗin waya, waɗanda suke tura wata takarda mai siffar mazurari gaba da baya. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana tsarinta a 1925.

Ita kuwa lasifikar tantani ba ta da maganaɗisu ko kaɗan. Tana aiki ne da kwantaccen lantarki, irin wanda yake sa mataji ya ja gutsattsarin takarda idan an goga shi a gashi, ko ya sa bargo ya yi tartsatsi da dare a lokacin hunturu. Sassanta uku ne. Akwai tantanin roba mai shara-shara wanda aka ɗame kamar fatar ganga, aka shafa masa wani sinadari mai riƙe caji. Akwai kuma faranti biyu masu huda-huda kamar rariya, ɗaya a gaban tantanin, ɗaya a bayansa. Na uku shi ne akwatin lantarki, wanda yake ɗora wa tantanin cajin dubban bolt, yake kuma ɗauke da taransifomar da take ninka ƙarfin saƙon sauti kafin ya isa ga rariyar biyu. Idan rariyar gaba ta ja tantanin, ta baya sai ta tura shi, haka za su yi ta musaya, iska ta motsa, kunne ya ji sauti.

Kaurin tantanin da kamfanin MartinLogan yake amfani da shi bai wuce kimanin kashi 12 cikin 1000 na milimita ba, watau silin gashin mutum ya ninka shi kauri sau da yawa. Saboda haka yana tashi nan take, yana tsayawa nan take, kuma ana tura shi ta ko'ina a lokaci guda. Wannan shi ne asirin tsabtar muryarsa.

2.1 Taƙaitaccen Tarihi

Tunanin yin irin wannan lasifika tsoho ne, amma bai kankama ba sai da aka sami roba mai ƙwari da sirantaka, musamman Mylar ta kamfanin DuPont a farkon shekarun 1950. A Amurka, Arthur Janszen ya ƙera ƙanana masu fitar da siririn sauti kawai. A Ingila kuwa, Peter Walker na kamfanin Quad da ke garin Huntingdon ya fito da wadda ake kira ESL-57 a 1957, aka ci gaba da ƙera ta har zuwa 1985. Magajiyarta, ESL-63, an soma aikinta a 1963 amma ba ta shiga kasuwa ba sai 1981. A garin Lawrence na jihar Kansas, Gayle Martin Sanders da Ron Logan Sutherland suka kafa MartinLogan, suka nuna lasifikarsu ta farko, Monolith, a 1983. Yawancin na wannan kamfani gauraye ne: tantani a sama, lasifika mai maganaɗisu a ƙasa domin sauti mai kauri. Abin lura a nan shi ne, ko autar ESL-57 ta kai shekara 40 a duniya.

3.0 Abin Dubawa Kafin Saye

Wanda ya sayi wannan lasifika ba tare da ya saurare ta ba ya yi cinikin biri a sama, domin katakonta yana iya ƙyalli alhali tantanin ya gaji. Ga abubuwa biyar da suka kamata a bincika:

(a) Daidaiton ƙarfi. A sa muryar mai karanta labarai ta fito daga lasifikokin biyu daidai wa daida. Idan muryar ta karkata gefe guda, a musanya wayoyin. In har ba ta koma ɗaya gefen ba, to laifin na lasifikar ne, kuma galibi sinadarin da ke jikin tantanin ne ya lalace, ko akwatin caji ya raunana.

(b) Ƙara a cikin shiru. A jona ta da wuta, a kashe kiɗa, a kara kunne. Lafiyayya ba ta cewa uffan. Sauti irin na suyar mai ko ƙyas-ƙyas alama ce ta cajin da yake zurarewa.

(c) Tartsatsi. A kashe fitilun ɗaki, a sa kiɗa mai ɗan ƙarfi. Idan an ga ɗigon haske shuɗi yana walƙawa a cikin farantin, wuta tana tsallakawa ke nan tsakanin tantani da rariya, kuma duk inda ta tsallaka tana iya barin huda. Wannan cuta ta fi addabar farantin tsakiya na ESL-57.

(d) Kakkaɓi. A ESL-63, gam ɗin da ya riƙe rariya a jikin firam yakan saki idan ya tsufa, sai a ji kakkaɓi duk lokacin da sauti mai kauri ya zo.

(e) Tarihin zama. A tambaya ko ana shan taba a ɗakin da ta zauna, ko tana kusa da madafa, ko rana tana dukanta ta taga. Hayaƙi da maiƙo suna liƙewa a tantani, hasken rana kuma yana cin roba.

Samun ɗaya daga cikin waɗannan bai hana ciniki ba, amma dole a cire kuɗin gyara daga farashi. Akwai masu sana'ar sake ɗame tantanin Quad a Turai da Amurka, MartinLogan kuma yana sayar da sabon faranti ga da yawa daga cikin tsofaffin lasifikokinsa. Sai dai ana sauya na hagu da na dama tare, in ba haka ba muryarsu za ta bambanta. Idan aka haɗa wannan da kuɗin jigila, sau da yawa sai a tarar araha ba ta yi ado ba.

4.0 Girkawa A Silimar Gida

4.1 Wurin Ajiyewa

Tantani yana fitar da sauti ta gaba da ta baya da ƙarfi ɗaya, amma a kishiyance: lokacin da yake tura iskar gaba, yana janye ta baya. Idan aka manna lasifikar da bango, sautin baya zai dawo nan da nan ya gauraya da na gaba, murya ta dagule. Saboda haka ake ba ta tazarar kimanin mita 1 daga bangon baya. Tun da sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, zuwa bango da dawowa zai ɗauki wajen kashi 6 cikin 1000 na sakan, wanda yake taimaka wa kunne ya rarrabe sautin asali da amsa-kuwwa. Labule mai kauri a bangon yana ƙara rage matsalar. Gefenta kuwa ba ya fitar da sauti sosai, don haka bangon gefe bai cika damunta ba.

Siririn sautinta yana tafiya ne a miƙe kamar hasken tocila. Domin faɗaɗa shi ne MartinLogan ya lanƙwasa farantinsa har ya baza sauti kusurwar digiri 30, Walker kuma ya tsara rariyar ESL-63 zobe-zobe. Duk da haka, kujerar tsakiya ita ce ta fi morewa. Akwai dabarar da MartinLogan yake koyarwa: mutum ya zauna a kujerarsa, ya riƙe tocila kusa da haɓarsa, ya haska lasifikar, a yi ta juya ta har hasken ya faɗa a sulusin farantin da ke wajen ciki.

4.2 Amfilifaya

Turjiyar da lasifika take yi wa lantarki ana auna ta da om. Ta tantani takan sauka ƙwarai a wajen siririn sauti, har ta kai om 1 ko 2 a wasu nau'o'in. Yawancin na'urorin silimar gida masu haɗa komai a akwati ɗaya an yi su ne domin om 6 zuwa 8, don haka sukan yi zafi ko su kashe kansu. Mafita ita ce a ba lasifikokin gaba amfilifaya tasu ta daban wadda take jure om 4 zuwa ƙasa.

Ga ESL-57 kuwa hatsarin ta wani ɓangare yake. An yi ta ne a zamanin amfilifayar Quad II mai wat 15, kuma iyakar abin da take jurewa bolt 33 ne. Amfilifayar zamani mai wat 100 a om 8 tana iya kai bolt 40, watau fashewar bam guda a cikin fim ta isa ta huda tantanin. Wanda ya nace sai ya yi amfani da ita, to ya sa gwani ya ɗaura mata na'urar kariya. ESL-63 ta zo da tata kariyar, wadda take toshe saƙo idan ya yi yawa, amma ba kowace amfilifaya take jure wannan toshewar ba.

4.3 Rabon Aiki

Tsarin Dolby Digital ya shiga gidajen silima a 1992, faifan DVD kuma ya yaɗa shi a gidaje daga 1996. A tsarin 5.1 akwai lasifika uku a gaba, biyu a gefen masu kallo, sai ta shida mai ɗaukar rugugi. Ma'aunin masu haɗa fim ya yarda kowace daga cikin biyar ɗin ta kai desibel 105, ta rugugi kuma 115. Wannan ya fi ƙarfin tantani, domin tazarar da ke tsakaninsa da rariya 'yar kaɗan ce, ga shi kuma sautin gaba da na baya suna kashe juna a wajen sauti mai kauri. Dalili kuwa shi ne tsawon igiyar sauti mai karkarwa 40 a sakan ya haura mita 8, faɗin lasifikar bai isa ya raba gabanta da bayanta ba.

Saboda haka wajibi ne a umarci na'urar silima ta ɗauki lasifikokin tantani a matsayin ƙanana, komai tsayinsu, ta karkatar da duk sautin da ke ƙasa da karkarwa 80 a sakan zuwa ga ta rugugi, kamar yadda ma'aunin THX ya tanada. Idan na'urar tana auna ɗaki da kanta, a sake duba abin da ta zaɓa, domin tana iya lissafa su cikin manya.

Saura lasifikar tsakiya, wadda take ɗauke da mafi yawan maganar 'yan wasa. In muryarta ta saɓa da ta maƙwabtanta, za a ji muryar ɗan wasa tana sauyawa yayin da yake ratsa allo. Ko dai a nemi ta tsakiya mai tantani, ko kuwa, idan masu kallo ba su wuce ɗaya ko biyu ba, a cire ta gaba ɗaya a bar na hagu da dama su raba aikinta.

5.0 Kulawa

5.1 Ƙura

Abu mai caji yana jan ƙura, ƙura kuma tana buɗe wa caji hanyar zurarewa. Quad ya rufe farantansa da wata siririyar roba domin kariya, sai a tabbata ba ta yage ba. Na MartinLogan a buɗe suke, kuma shawarar kamfanin ita ce a zare su daga wuta na awa 6 ko kwana guda har cajin ya sauka, sa'an nan a zuƙe ƙurar da na'urar zuƙe ƙura, sau uku ko huɗu a shekara. A ƙasashe irin namu masu ƙurar hunturu, wannan adadi ya yi kaɗan. Ya kamata a ƙara, a kuma lulluɓe su da ƙyallen auduga idan ba a amfani da su. Kada a fesa musu ruwan goge-goge ko maganin sauro.

5.2 Laima

Iska mai laima tana kwashe caji, sai a ji sauti ya yi sanyi da damina. Idan ƙura ta haɗu da laima kuwa, tartsatsi ya samu gindin zama. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage laima, kuma kada a jibge su a sito ko gareji.

5.3 Wuta

Kowace lasifikar tantani tana bukatar soket nata, ko da yake wutar da take ci kaɗan ce. Wadda aka yi domin Amurka tana aiki da bolt 120, alhali wutar Nijeriya da Nijar da Ingila tana tsakanin 220 da 240. Jona ta kai tsaye zai ƙona akwatin lantarkinta, sai an bi ta taransifomar rage wuta. Inda wuta take hawa da sauka, ko ake amfani da janareto, sitabilaiza ta zama dole. Daga ƙarshe, kada wanda ba gwani ba ya buɗe bayanta. Farantan kaurin sauti na ESL-57 suna ɗauke da bolt 6,000, kuma cajin ba ya gushewa da zarar an zare waya.

6.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa darajar lasifikar tantani da rauninta tushensu ɗaya. Tantanin da bai kai kaurin gashi ba shi ne yake fitar da raɗa da numfashin ɗan wasa ba tare da gurɓata ba, shi ne kuma ƙura da laima da yawan wuta suke kassarawa. Mai sayen ta hannu yana gadon duk irin riƙon da mai ita na farko ya yi mata, don haka kunnensa ne hujjarsa, ba bakin mai sayarwa ba. Wanda burinsa shi ne ɗaki ya girgiza, ga kuma iyali sun cika kujeru, lasifika mai maganaɗisu ta fi masa alheri. Wanda kuwa yake neman tsabtar murya, yake da ɗaki mai fili, ya kuma yarda ya sauke mata nauyin rugugi, to tsohuwar lasifikar tantani tana iya yi masa hidima shekaru masu yawa.