Komawa Hawan Keke A Kan Duwatsu

Tambaya: Shekara shida rabona da hawan keke a duwatsun Shere da ke wajen Jos. Ina son komawa, amma gabana na faɗuwa. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da keken kafin jikinka. Roba tana bushewa ko ba a hau ba, don haka duba gefen taya ko ya tsattsage, ka sa wa sarƙa mai, ka kai wa mai gyara ya duba birki. Idan birkin na mai ne, a zuba sabo. Hular kwano kuma, in ta taɓa bugun dutse, sayi wata. Ba na sassauci a nan.

Numfashi yakan dawo da wuri, amma gwiwa da wuyan hannu sukan makara. Yi minti 30 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sau 3 a mako, har wata guda. Idan kana da hawan jini, ka ga likita tukuna.

Ranar da ka koma gangara, sauke sirdi, ja jiki baya, kalli inda za ka bi, ka matsa birkin gaba a hankali. Inda zuciyarka ba ta kwanta ba, sauka ka tura. Kada ka tafi kai kaɗai.