Darasin wannan fitowa: Tsimi da tanadi, daga bakin murhu zuwa fadar shayi

Zuwa ga ƴan uwa mazauna Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, da waɗanda ke zaune a sauran ƙauyukan jihar Maraɗi da suka karɓi baƙi. Darasinmu na wannan karo a kan kuɗin gida ne. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansu da maƙwabta, maza da mata, domin magana ce da ta shafi kowa.

Yawancinku kun baro Sabon Birni, Isa, Shinkafi, Zurmi ko Jibiya daga shekarar 2019 zuwa yau, kun bar rumbu da garke a baya. A can manomi ba ya sayen hatsi, ba ya sayen kara, kuka da kuɓewa kuma suna bayan gida. A nan kusan komai sai an sa hannu a aljihu. Mun san abin da ake rabawa ba ya kai wata a gidaje da yawa, kuma babu darasin da zai mai da tiya ɗaya ta zama biyu. Abin da tsimi zai iya yi shi ne ya ja ɗan abin da ke hannu ya ƙara kwanaki, ya kuma rage zuwa gaban mai shago neman bashi.

A fara da sanin kuɗin

Wanda ya saba da naira yakan ruɗe a kasuwar Nijar, domin a nan da dala ake ƙirga. Dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai kaya ta ce "ashirin", dala ashirin take nufi, wato sefa 100. "Ɗari" kuwa sefa 500 ce, jaka guda sefa 1,000. Dabarar ita ce a riɓanya abin da aka faɗa sau biyar. Ku koya wa yaran da kuke aike, ku sa su ƙirga canji kafin su bar gaban mai kaya.

Masu samun aike daga gida su tuna cewa darajar naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, kuma duk lokacin da kuɗi ya ratsa hannun ɗan canji sai ya bar wani abu a can. A tambayi mutum biyu ko uku kafin a canza, a kuma guji juya kuɗi ɗaya daga naira zuwa sefa, gobe a sake mai da shi naira.

Inda kuɗi ke zurarewa

Idan aka tambayi magidanci ina kuɗinsa suka tafi, zai ambaci hatsi da magani. Ba zai ambaci goro ba, ko cajin waya, ko kati, ko ƴar alewar da ake rarrashin yaro da ita, saboda ko wanne bai kai a tsaya lissafa shi ba. To ga lissafi. Dala ashirin a kullum sefa 700 ce a mako, 3,000 a wata, 36,500 a shekara. Kowa ya auna da kansa tiya nawa ta gero wannan za ta saya a kasuwar da yake ci.

Sayen ƙulli-ƙulli ma haka yake. Mai ƙulla sukari, gishiri ko man gyaɗa a leda yana ɗora ribarsa a kan kowane ƙulli, kuma haƙƙinsa ne. Amma idan gida huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi kilo ɗaya ko lita ɗaya suka raba da ma'auni guda a gaban juna, wannan riba ta zauna a gidajensu. Haka ma sabulu, ashana da kuɗin mota: mutum ɗaya amintacce ya tafi kasuwa da saƙon gida huɗu ya fi mutum huɗu kowa ya biya kabu-kabu.

Ranar rabo

Ranar da aka karɓi tallafi ita ce ranar da aka fi yin asara. A ranar kowa na da kuɗi, ƴan kasuwa sun sani, masu bin bashi ma sun sani. Wanda ya fitar da wani ɓangare na abincinsa don ya sayi kayan miya zai tarar da mutum hamsin sun fito da irin kayansa, sai mai saye ya yanka farashin da ya ga dama. Idan ya zama dole a sayar, a jinkirta ƴan kwanaki, a fitar da kaɗan.

Shawararmu ita ce maigida da uwargida su zauna a daren ranar, kafin a taɓa ko dala, su kasa abin da aka samu. Hatsi a raba shi kashi huɗu, kowane mako da nasa, a ɗaure. Kuɗi kuma a ware na niƙa da cefane, na sabulu, na itace, sai ɗan abin da za a ɓoye saboda rashin lafiya. A ware na shayi da goro ma, a faɗi adadinsa a fili. Kuɗin da aka ɓoye wa juna shi ya fi kawo rigima a gida.

Kada a ba kowa katin rajista ko katin rabo jingina, komai matsi. Kuma a tuna duk taimakon da hukumomin agaji ke bayarwa kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi ko wata alfarma kafin ya sa sunanku, ku kai ƙararsa ga ma'aikatan kariya.

Murhu

Iyaye mata, nan ne kuka fi kowa iko. Itace kuɗi ne idan an saya, wahala ce da haɗari idan an tafi nema nesa, ga saɓani da masu gonaki. Sare ɗanyen gawo kuma laifi ne a dokar gandun daji ta Nijar. Murhun duwatsu uku a fili rabin wutarsa iska yake dafa wa. Murhun laka da aka gina daidai gindin tukunya, mai ƙofa ɗaya ta sa itace, yana tare zafin a inda ake buƙata, kuma ba ya cin komai sai yumɓu, kashin jaki ko ƙaiƙayi da aikin yini guda. A bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a hura masa wuta, in ba haka ba zai tsage. Maƙeran Nijar kuma suna ƙera na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, ga wadda ta samu hali.

A jiƙa wake tun dare. A rufe tukunya. A faskara itace ƙanana, a shanya shi. Da an gama a zare sauran a kashe da ƙasa, gawayin kuma a tara wa mai shayi.

Akwai wata dabara da mata da yawa ba sa yarda da ita sai sun gani da ido. Idan jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, a sauke tukunyar da murfinta, a naɗe ta da tsohon bargo ko tsummoki masu kauri, a sa cikin kwando ko kwali, a rufe ta ko'ina. Bayan awa biyu zuwa uku wake ya nuna da zafin da ke jikinsa, babu ko sanda ɗaya da aka ƙara. Shinkafa ba ta kai haka daɗewa ba. Sai dai kada a bar abinci ya kwana a ciki, kuma in ya huce a sake tafasa shi kafin a ba yara.

Ruwan da aka wanke hatsi ko ganye da shi kada a watsar. Tsohon buhu cike da ƙasa da taki a gefen ɗaki zai ɗauki yakuwa, rama ko alayyafo, tushen zogale biyu kuma sun isa su riƙa ba gida ganye. Wanda ya yi yawa a shanya a inuwa a adana.

Nishaɗi

Wasu za su ce mai gudun hijira ina shi ina nishaɗi. Ba mu yarda da wannan ba. Mutumin da ya ga abin da kuka gani, ya kuma wayi gari babu gonar zuwa, yana buƙatar abin da zai ɗauke masa tunani, yara kuwa sun fi kowa buƙata. Magidancin da aka hana shi zaman fada gaba ɗaya da sunan tattali, abin da zai biyo baya ya fi kuɗin shayin tsada. Tambayar ita ce wane nishaɗi ne ke ci, wane ne kyauta, wane ne kuma ke kawowa.

Mu ɗauki shayi. Fadar da kullum ake neman wanda zai sayo ƙullin ganye, ƙullin sukari da na gawayi tana kashe fiye da wadda ke karo-karo sau ɗaya a mako ta sayi fakiti. Na biyun kuma yana kare wanda ba shi da ko sisi yau daga jin kunya, domin an riga an saya.

Waya ita ce babbar mai ci a hannun matasa. Kallon bidiyo a intanet yana cinye kati cikin ɗan lokaci, alhali fim ɗin da mutum ɗaya ya sauke zai iya tura wa goma ta Xender ko Bluetooth ba tare da an kashe komai ba. A rage hasken fuskar waya, a kashe data in ba a amfani da ita, caji zai daɗe. Wanda ke da fitila mai aiki da hasken rana wadda ke da wurin caji, ya riƙa goge farantinta yana shanya ta tun safe. Gidan kallon ƙwallo kuma a zaɓi wasa ɗaya a mako da ake matuƙar so, sauran a ji sakamako a rediyo.

Dara ba ta buƙatar komai sai ramuka a ƙasa da ƴan tsinke da tsakuwa. Langa, carafke, ƴar gala-gala, gaɗa da tatsuniyar dare duk da su kuka zo, ba a bar su a kan iyaka ba. Kokawa kuwa kun zo gidanta, don tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa a Nijar, kuma fili da yashi ba su da tsada. Ƙwallon tsumma ma ƙwallo ce. Kakanni su sani idan ba su yi wa jikoki tatsuniya ba, yaran da aka haifa a nan ba za su san Gizo da Ƙoƙi irin na garinsu ba.

Sai abin da ake yi don jin daɗi amma yana iya zama sana'a: saƙar faifai da tabarma da kaba, ɗinkin hula, kitso, lalle, kiwon kaji ko tantabaru. Gargaɗi ɗaya ne a nan. A fara da kaɗan. Kada a ci bashi a sayi zare na hula goma kafin a ga an sayar da ɗaya, kuma kada a zuba duk jari a kaji, domin cutar kaji takan share gari guda a lokacin hunturu in ba a yi musu rigakafi ba.

Abu biyu ne ba mu sa su a layin nishaɗi ba: caca, ta karta ce ko ta ƙwallo a waya, da ƙwaya irin su tramol. An tsara caca ne yadda mai gidan cacar zai ci a ƙarshe, wanda ya ci yau kuwa an ba shi dalilin dawowa gobe ne. Iyayen da suka ga alamar ɗayan biyun a wurin ɗansu su nemi ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a tun da wuri, ana sauraro cikin sirri.

Inda za a ajiye abin da aka tsimi

Kuɗin da ke ƙarƙashin tabarma ba ya kai mako, kowa ya san haka. Adashi kun san shi tun a gida. Amma a wannan jiha ta Maraɗi ne a 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Bambancinsa da adashi shi ne ba a kwashe kuɗin a ba mutum ɗaya. Mata kamar ashirin zuwa talatin da suka san juna suna haɗuwa duk mako, kowace ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai. Kuɗin na zama cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da babbar murya. Mai buƙatar jari ta ranta bisa dokar da ƙungiyar ta tsara wa kanta, akan kuma ware ɗan asusu na daban don rashin lafiya ko rasuwa. Bayan wata tara zuwa shekara a fasa a raba.

In za ku kafa, ku tsaida zubin da mafi ƙarancin hali a cikinku za ta iya, ko da dala goma ce. Ku kuma daidaita ranar fasawa da kaka, lokacin da gero da wake suka fi araha, domin abin da aka saya a Nuwamba shi zai tsare gida a Yuli da Agusta sa'ad da farashi ke hawa. Wake busasshe da aka cika jarka mai tsabta da shi har baki aka toshe ta ruf, ƙwari ba sa rayuwa a ciki saboda rashin iska, ba sai an sa magani ba. Maza ma babu abin da ya hana su yin nasu asusun.

Abin da ba a tsimi a kansa

Sabulu, gidan sauro, makarantar yara da zuwa asibiti. Yaron da ya kwana da zazzaɓi a kai shi likita da safe. Maganin tire da ya sha rana a kasuwa yana da araha a ranar farko kawai. Gidan sauro kuma na kwana ne, kada ya koma shingen lambu ko akurkin kaji.

Aikin wannan mako

Kowane gida ya samu gwangwani uku: na abinci da itace, na waya da shayi da goro, na sauran abubuwa. Duk lokacin da dala goma ta fita, a jefa tsakuwa ɗaya a gwangwanin da ya dace. Ba a buƙatar biro ko iya rubutu, yaro ma zai iya riƙe wannan aiki. Ranar Juma'a bayan la'asar a zazzage a ƙirga tare, a zo da adadin wurin zaman tattaunawa na unguwa.