Tafkin Kifi a Cikin Gida: Ɗawainiyarsa da Abin da Yake Jawo wa Darajar Gida

Tafkin kifi na cikin gida kwami ne da ake ginawa da bulo da siminti a tsakar gida, ko a ɗan filin da ya rage bayan ɗakuna, a cika shi da ruwa a zuba 'ya'yan kifi. Galibi tarwaɗa ake kiwo, domin tana jure cunkoso, kuma in ta samu abinci sosai takan kai kusan kilo ɗaya cikin wata 5 ko 6. A Kano da Kaduna da Zariya da Abuja, ma'aikata da 'yan fansho da matan aure da dama sun rungumi wannan sana'a. Sai dai yawancinsu lissafin kifi suke yi, ba su yin lissafin gidan da aka kafa tafkin a cikinsa.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne ruwa yana da nauyi. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce. Tafki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1, yana ɗaukar lita 6,000, wato tan 6, ban da nauyin ginin kansa. Wannan nauyi yana danna ƙasa, yana kuma tura bangon tafkin dare da rana. Magini da ya san aikinsa yakan zuba kankare mai kauri a ƙasa, ya cika ramukan bulo, ya sa rodi a kusurwoyi. Wanda bai sani ba, ko wanda maigida ya matsa wa a kan kuɗi, sai ya jingina tafkin da katanga don a rage bulon gefe ɗaya. Daga nan ɓarna take farawa, musamman da yake sau da yawa katangar ta haɗaka ce da maƙwabci.

Yoyon tafki ba ya nuna kansa da wuri. Ruwa yakan bi 'yar tsaga ya shige ƙasa a hankali, sai bayan watanni a ga gindin bango ya yi duhu, farin gishiri ya feso, fenti ya kumbura, filasta tana zubowa in an taɓa ta da yatsa. Tufafin da ke cikin akwati a ɗakin da ke kusa su kama warin danshi. A gidan ƙasa abin ya fi muni, don tubali da ya sha ruwa daga ƙasa ba ya daɗewa. Haka ma inda ƙasa baƙar laka ce, irin wadda ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa: tana kumbura in ta jiƙe, ta tsattsage in ta bushe, harsashin gini kuwa ba ya jure wannan kai-komo.

Babbar ɗawainiya ita ce canjin ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna ɓata ruwa cikin 'yan kwanaki, ya koma kore ko baƙi, ya yi ƙarni. Idan kifi ya girma, dole a riƙa zubar da wani ɓangare ana ƙara sabo a kai a kai. Don haka tambaya biyu ke gaban mai tafki: daga ina ruwa zai zo, ina kuma zai tafi? Wanda ba shi da rijiyar burtsatse da injin jawo ruwa, 'yan ga-ruwa ne za su cinye ribarsa. Mai injin kuma yana fama da kuɗin mai duk ranar da babu wuta. Amma tambaya ta biyun ta fi wuya. A unguwar da babu lambatu mai gudu, ruwan yakan bi rariya ya kwanta a lungu, ya zama kwata mai wari a ƙofar maƙwabta, har magana ta kai gaban mai unguwa ko dubagari. Wasu sukan juya shi cikin ramin masai, ramin ya cika kafin lokacinsa. In akwai rijiya a kusa, ruwan sha ma yana cikin haɗari. Mai ɗan lambu shi ne ya huta, domin wannan ruwa taki ne ga ayaba da alayyafo da zogale.

Sabon tafki ba a zuba masa kifi nan take. Sai an jiƙa shi an wanke na kwanaki har kaifin siminti ya fita, in ba haka ba 'ya'yan kifin su mutu. Tsohon tafki kuma ba ya son a bar shi a bushe a zafin Maris da Afrilu, don filastarsa takan tsage.

Game da sauro, tafkin da kifi ke ciki bai cika haifar da shi ba, saboda kifi yana cinye tsutsarsa. Tafkin da aka daina kiwo a cikinsa, ruwan sama ya taru a gindinsa, da kuma ruwan da aka zubar ya kwanta a waje, su ne matattara. A lokacin zafi, kwana 10 ko ƙasa da haka sun isa ƙwan sauro ya zama mai cizo. Haɗari mafi girma shi ne na yara: yaro mai rarrafe ko tatata yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, kuma ba a jin kukansa. Murfin raga mai ƙarfi da shinge mai ƙofar da ake kullewa wajibi ne a gidan da ke da ƙananan yara.

Ranar da aka sa gida a kasuwa, dillali yakan kawo masu saye su zagaya, kuma mafi yawansu iyali za su zaunar. Idonsu na kan fili: inda za a ƙara ɗaki, inda za a ajiye mota, inda za a yi shanya da taron suna. Tafki ya cinye wannan fili, saboda haka mai saye yakan lissafa kuɗin rushewa da kwashe ɓaraguzai da ciko ya zabge daga tayinsa. In ya hangi danshi a bango, ragin ya wuce nan, don zai zargi harsashin ginin gaba ɗaya. Mutanen tsofaffin birane sun daɗe da sanin wannan a gidajen bakin kududdufi. Kuɗin da aka kashe wajen ginin tafki da wuya ya dawo, sai an dace da mai saye wanda shi ma kiwon yake so. Abin da kan ɗaga darajar gidan a gaskiya shi ne burtsatse da tankin da aka kafa saboda kifin. Shafe bango da sabon fenti don ɓoye danshi kuwa algus ne; a fiƙihu, wanda ya sayi abu aka ɓoye masa aibinsa yana da hakkin ƙorafi a kan cinikin.

Wanda ke haya, ko yake tunanin sayar da gidansa nan gaba, tafkin tamfol ko tankin roba ya fi masa, don ana naɗe shi ko a ɗauke shi a tafi da shi. Wanda ya riga ya gina na siminti kuma yana son kawar da shi, kada ya tsaya ga zuba ƙasa a ciki. Sai an fasa kankaren ƙasan don ruwan sama ya samu wucewa, a rushe bangon, a toshe bututun tafkin, sannan a riƙa zuba jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa. In ɗaki za a ɗora a wurin, ya kamata a bari damina ta wuce a kansa, a kuma haƙa harsashin har ya tarar da ƙasar asali.