Yadda Ake Yaɓe Bangon Ƙasa a Cikin Kwamfuta

Ranar da na fara gina zauren kakanmu na Darini a cikin Godot, manhajar ƙera wasannin kwamfuta, ginin bai ci mini awa biyu ba. Bango huɗu, ƙofa, rufin soro. Amma abin da ya fito fari ne fat kamar an sassaƙa shi da sabulu. Injin wasa bai san jar ƙasa ba. Siffa kawai ya sani, sai ka yi mata abin da ake kira matiriyal, wato bayanin yadda haske zai yi idan ya faɗa kanta. Ni dai yaɓe nake ce masa.

Na zaɓi Godot ne saboda kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutata na iya ɗaukarta. Unreal Engine 5, da ya fito a 2022, sai mai injin kirki da wutar da ba ta ɗaukewa. Ka'idar yaɓen dai kusan ɗaya ce a duka biyun, tun bayan tsarin da Brent Burley na kamfanin Disney ya gabatar a 2012: launi, ƙarfe, kaushi, sai tudu da kwari.

Launi daga hoto ake samo shi. Kada ka ɗauki bango da rana tsaka, domin inuwa za ta maƙale a hoton, in rana ta juya a cikin wasan inuwar ta ƙi juyawa. Ranar da hadari ya rufe sama ta fi, ko safiyar hunturu mai hazo. Ka yanka hoton piksel 2048 tsawo da faɗi, ka goge bakinsa a GIMP, manhajar gyaran hoto, yadda in an jera shi ba za a ga mahaɗa ba. Ma'aunin ƙarfe ka bar shi a 0, ƙasa ba kwano ba ce.

Kaushi ne ya sha ni. Ma'auni ne daga 0 zuwa 1: 0 madubi, 1 kuma abin da ba ya ƙyalli ko kaɗan. Godot a 1 take barinsa, sai bangona ya mutu murus kamar kwali. Na sauke zuwa 0.4, ya koma kamar an naɗe shi da leda. Kwana uku ina hawa ina sauka, ashe ba lamba ɗaya ba ce. Bangon ƙasa ba kaushi guda gare shi ba, kuma duk wanda ya tashi a gindinsa ya san haka ko bai taɓa faɗa ba. Sama, inda ruwan damina ke duka, a zaizaye yake, ciyawar da aka cuɗa da ƙasar ta leƙo. Tsakiya, in an shafa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, akwai ɗan sheƙi mai duhu. Bakin ƙofa, inda hannaye suka shekara suna dafawa, sumul yake. Can ƙasa kuma akwai layin da awaki suka goge da jikinsu, daidai tsayin gwiwa.

Sai na zana wa kaushin hotonsa na daban, fari da baƙi: fari kaushi, baƙi santsi. Saman bango kusan 0.95, wurin makuba wajen 0.7, madafar hannu da gogar awaki 0.5, kuma na narkar da iyakokinsu don kada su zama kamar an ja layi da rula. Da na kunna rana ta la'asar ta faɗo a karkace, sai ga bakin ƙofar nan ya ɗan yi walƙiya shi kaɗai. Na daɗe ina kallo.

Maginan garinmu ba su taɓa jin sunan Burley ba, amma da tafin hannu suke gane ko yaɓe ya yi. Yanzu bulo da siminti sun karɓe kasuwa, rashin tsaro kuma ya tashi mutane da yawa daga ƙauyukan Batsari da Safana na bakin dajin Rugu. Gidan ƙasa kuwa in damina biyu ko uku ta wuce ba a yaɓe shi ba, ya fara komawa inda ya fito. Abin da ya sa na fara aikin ke nan.

Saura sawun yatsu. Ba sai ka sassaƙa su ba, akwai wani hoto mai ruwan shuɗi da ke yaudarar haske ya ga tudu da kwari a shafaffen wuri, GIMP ma na fitar da shi. Tarkonsa ɗaya: Godot da Unreal sun saɓa kan koren launin da ke cikinsa. In ka ɗauko na wancan ka sa a wannan, hasken zai juye, shatin yatsun magini ya kumburo waje maimakon ya lotsa. Juya koren kawai, shi ke nan.

Da na nuna wa kawuna a waya, ya matso da ita kusa da ido, ya ce, “Kai yaro, wannan bangon ai bai sha ruwa ba. Ina zubin indararo?” Gaskiyarsa. A daren na ƙara duhun launi a ƙarƙashin indararon, na ja shi siriri har ƙasa.