Yadda Ake Amfani da Littafin Jagora Wajen Gina Manhajar Kwamfuta Mai Tagogi

Daga Kwamba zuwa kasuwar IBB da ke cikin garin Suleja, kwamfutoci sun shiga shagunan magani, da makarantu masu zaman kansu, da wuraren buga takardu. Sai dai galibinsu buga wasiƙa da tsara katin biki kawai ake yi da su, lissafin bashi da na kaya kuwa yana nan a littafin takarda. Matashin da ya iya gina ƙaramar manhaja mai taga da maɓallai, wadda ke aiki ba tare da intanet ba, ya sami sana'a a ƙofar gidansu, ba sai ya bi motar Abuja kullum ba.

Hanya mafi kusa ita ce littafin jagora, amma amfaninsa yana ga wanda ya riƙe shi da aiki guda a gabansa. Wanda ya karance shi daga bango zuwa bango bai taɓa kwamfuta ba, bai koyi komai ba. Ga matakan da za ka bi, kuma misalinmu shi ne manhajar rubuta bashi ta mai shago.

Mataki na 1: Tsayar da aikin a kan takarda

Kafin ka kunna kwamfuta, je ka zauna da mai shagon. Tambaye shi: "Alhaji, in mutum ya ɗauki kaya bashi, me da me kake rubutawa?" Yawanci ba ya wuce abu huɗu: suna, kaya, kuɗi da rana. Ɗauki biro ka zana tagar yadda za ta fito: akwatunan rubutu a sama, maɓallin "Ajiye" a ƙarƙashinsu, jadawalin masu bashi a tsakiya, jimla a can ƙasa. Wannan zanen ne zai nuna maka babin da za ka buɗe a littafi da wanda za ka tsallake.

Mataki na 2: Zaɓi kayan aiki mara nauyi

Ga mai farawa, Python da Tkinter sun wadatar. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Python a 1991. Tkinter kuwa gada ce tsakanin Python da Tk, kayan zana tagogi da John Ousterhout ya ƙirƙira a Jami'ar Kaliforniya da ke Bakili. Tkinter yana zuwa ne a cikin Python na Windows, ba sai ka sake sayen data don sauko da shi ba, kuma tsohuwar laftof ta hannu tana ɗaukarsa ba tare da nishi ba. Akwai Qt, wanda aka faro a Nowe, ya fi kyan gani da yawan kaya, amma ya fi nauyi da wuyar koyo. Bar shi sai aiki na biyu.

Duba irin Windows ɗin da ke kan kwamfutar shagon. Idan Windows 7 ce, Python 3.8 ne na ƙarshe da zai hau kanta.

Mataki na 3: Tantance littafin jagorar

Ba kowane littafi ne ya cancanci lokacinka ba. Buɗe misalin farko ka duba. In ka ga an rubuta `import Tkinter` da babban baƙi, na zamanin Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020, ajiye shi. Na yanzu da ƙaramin baƙi ake rubuta shi, `tkinter`. Sannan ka tabbatar littafin ya yi bayanin `ttk`, sashen da ke ba maɓallai kamannin zamani, kuma a cikinsa ne jadawali yake. Darussan TkDocs na Mark Roseman sun cika waɗannan sharuɗɗa, kuma kyauta ake karanta su. Takardun bayanin Python kansu ana iya sauko da su gaba ɗaya a ajiye a kwamfuta, ka riƙa dubawa ko data ta ƙare.

Mataki na 4: Girka Python ka buɗe taga ta farko

Sauko da shi daga shafin python.org kawai. Lokacin girkawa, a shafin farko akwai ɗan akwati da ke tambaya ko a saka Python cikin PATH. Danna masa alama, domin rashin yin haka ne ke sa kwamfuta ta ce ba ta san umarnin ba. Da an gama, buɗe baƙin allon umarni ka rubuta `python -m tkinter`. In wata 'yar taga ta bayyana, komai ya zauna.

Yanzu buɗe IDLE, wurin rubutu da ke zuwa tare da Python, ka rubuta waɗannan layuka huɗu:

```
import tkinter as tk
taga = tk.Tk()
taga.title("Littafin Bashi")
taga.mainloop()
```

Layin ƙarshe shi ne zuciyar al'amarin. Manhaja mai tagogi ba ta tafiya daga sama zuwa ƙasa ta ƙare. Zama take yi tana jira, kamar mai shago a bakin kanta, sai an danna maɓalli ko an buga rubutu sannan ta motsa. Wanda ya gane wannan, sauran babukan za su zo masa da sauƙi.

Mataki na 5: Rubuta misalai da hannunka, ka kuma ɓata su

Kada ka kwafa ka liƙa. Buga kowane misali da yatsunka, ka gudanar da shi, sannan ka canza abu ɗaya: sauya sunan maɓalli zuwa Hausa, goge layi guda ka ga abin da zai faru. Jan rubutun da ke fitowa idan an yi kuskure ba zagi ba ne. Karanta shi daga layin ƙasa, a nan ne sunan matsalar yake, a samansa kuma lambar layin da ta faru.

Abubuwa huɗu kawai manhajarka ke buƙata: `Label` don rubutun bayani, `Entry` don akwatin shigar da suna da kuɗi, `Button` don maɓalli, da `Treeview` don jadawali. Nemi babinsu, ka bar sauran tukuna.

Mataki na 6: Jera su a kan taga

Tkinter yana da hanyoyi uku na jera kaya: `pack`, `grid` da `place`. Ga fom irin namu, `grid` ya fi dacewa, domin layi-layi da shafi-shafi yake aiki, daidai da zanenka na takarda. Doka ɗaya ce a nan: kada ka haɗa `pack` da `grid` a cikin mazubi guda, manhajar za ta ƙi tashi.

Mataki na 7: Ba maɓalli aikin yi

Rubuta ɗan aiki mai suna `ajiye`, ka ɗaura shi a maɓalli da `command=ajiye`. Lura, babu baka biyu a bayan sunan. In ka saka su, aikin zai gudana tun ana buɗe taga, maɓallin kuma ya zama hoto.

Duk abin da aka buga a akwati, rubutu ne a wurin kwamfuta, ko da lamba ce. Sai ka mayar da shi lamba da `int` kafin lissafi. Yaron shago zai rubuta "5,000" da waƙafi, ko ya bar akwatin fayau, tanadi wannan da `try` da `except`, ka fito masa da saƙo cikin Hausa mai sauƙi: "A rubuta kuɗin da lamba kawai."

Mataki na 8: Adana bayanai yadda ɗauke wuta ba zai cinye su ba

Littattafan Tkinter da yawa suna tsayawa ne a kan kwalliyar taga, alhali bayanan su ne amanar. Yi amfani da SQLite, rumbun bayanai da Richard Hipp ya fitar a 2000. Shi ma yana cikin Python da sunan `sqlite3`, kuma a fayil ɗaya yake tara komai. Kira `commit` bayan kowace ajiya, ta yadda ko an ɗauke wuta batir ya mutu, abin da aka rubuta yana nan.

Wajen shigar da suna, yi amfani da alamar tambaya a matsayin gurbi, kada ka haɗa sunan kai tsaye cikin umarni. Sunaye irin Mu'azu da Sa'adatu suna da alamar da ke karya umarnin. Ka kuma gwada ƙ, ɗ da ɓ tun da wuri. Duk fayil ɗin rubutu da za ka fitar, ka ambaci UTF-8 a kansa.

Mataki na 9: Naɗe ta ka kai wa mai ita

Mai shago ba zai girka Python ba. PyInstaller zai naɗe maka aikin ya zama fayil guda da ake dannawa sau biyu: `pyinstaller --onefile --windowed bashi.py`, inda `bashi.py` shi ne fayil ɗin da ka rubuta aikin a cikinsa. Manhajar Windows a kan Windows ake naɗe ta. Kuma ka tsayar wa fayil ɗin bayanai tabbatacciyar folda, domin irin wannan naɗin yana warware kansa ne a wurin wucin gadi da ake sharewa idan an rufe manhaja.

Ranar gwaji, miƙa wa yaron shago kujera, kai ka koma gefe ka yi shiru. Duk inda ya tsaya yana dube-dube, gyara na nan. Ka koya masa kwafe fayil ɗin bayanai a filas duk ranar Juma'a, kuma a ci gaba da littafin takarda har wata guda kafin a saki jiki.

Daga nan sai ka sake komawa ga littafin jagorar. Babukan da ka tsallake, na jerin zaɓi da na buga rasit, yanzu za su yi maka ma'ana, tunda mai shago ne da kansa zai nema. Don haka, ɗan'uwa, kada ka tara littattafai goma a waya. Zaɓi ɗaya, nemi shago ɗaya a unguwarku, ka fara zanen tagar a makon nan.